Wa Za Ka Yi Wa Bismillah a Mol?

A garuruwanmu akwai abubuwan da ba sai an hana dattijo ba, shi da kansa ya san ba girmansa ba ne. Cin abinci a bainar jama'a na cikinsu. Yaro zai tsaya gaban mai ƙosai ya ci abinsa, ɗan dako zai tsuguna bakin rumfa ya sha fura, ba wanda zai ɗaga kai ya dube su. Amma magidanci, irin wanda ake nema wajen ɗaurin aure da sasanta rigima, in ya sayi tsire sai a naɗe masa a takarda ya jefa a aljihun babbar riga, ko ya ba yaro ya kai gida. Matar aure kuwa ba a ma zancenta. Maganar har cikin littattafan fiƙihu ta shiga: a babin shaida, inda malamai ke lissafa abin da ke zubar da muru'ar mutum har alƙali ya yi shakkar karɓar shaidarsa, sukan ambaci ci a kasuwa. Imam Nawawi ya kawo shi a Minhaj.

To yanzu ka zo ranar Asabar da rana ka hau saman Westfield ta Stratford a Landan, ko ka shiga Trafford Centre a Manchesta. Za ka tarar da mu. Alhaji da hularsa, Hajiya da mayafinta, yara huɗu, kowa da tire a gabansa, a tsakiyar kasuwar da ta ninka Kantin Kwari tsada, ana ci baki buɗe, dubban idanu na wucewa. Yaran suna kiran wurin fud kot. Ni dai dandalin abinci nake ce masa, don ya fi kama da dandali: fili ɗaya, kujeru na kowa da kowa, masu sayarwa sun kewaye shi. Tambayar da nake juyawa a raina ita ce, wannan abin da iyayenmu ke gudu, mu kuma muke yi hankali kwance, mun yar da wani nauyi ne da dama ba shi da amfani, ko kuwa akwai wani haƙƙi a ciki da muka bari a filin jirgi ba mu sani ba?

Ya kamata a fara sanin wurin kansa, don ba haka kawai ya tsiro ba. Mutumin da ake dangantawa da mol irin na yau sunansa Victor Gruen, Bayahude ne ɗan Biyana da ya gudo Amurka a 1938 lokacin da 'yan Nazi suka mamaye Austiriya. Shi ya zana Southdale a jihar Minnesota, aka buɗe a 1956: kasuwa rufaffiya, da na'urar ɗumi da sanyi, ba ruwan mai sayayya da dusar ƙanƙara. Abin da ya ba ni sha'awa, shi ma kewar gida ce ta sa shi. Yana son ya maido wa Amurkawa irin dandalin garinsu, inda mutane ke zama su sha gahawa su yi hira. 'Yan kasuwa suka ɗauki shagunan suka bar masa mafarkin, har a 1978, a wani jawabi a nan Landan, ya barranta kansa daga abin da mol ya zama. Dandalin abincin kuma daga baya ya zo. Kamfanin James Rouse ya gwada a Plymouth Meeting a 1971 bai karɓu ba, ya sake gwadawa a Paramus Park ta New Jersey a 1974, daga nan duniya ta kwaikwaya. Hikimar a fili take. Yunwa ce ke korar mai sayayya gida. In ka ciyar da shi a ciki, ya ƙara awa biyu yana zagaya shaguna. Shi ya sa sau da yawa za ka ga an kai wurin can sama ko can ƙurya, sai ka ratsa takalma da turaruka kafin ka isa.

Wannan ba laifi ba ne, kasuwa ce. Amma yana da kyau mutum ya san cewa kujerar da yake kai ba don karramawa aka aje masa ba.

Maganar halal da haram ba zan tsaya a kanta ba, an sha yin ta. Kowa ya san bambancin da ake yi tsakanin tambarin HMC da na HFA, kowa ya san wasu rassan KFC da Nando's na halal ne wasu ba haka ba, kuma kowane gida ya riga ya yanke inda ya tsaya. Ita ma maganar muru'a ba ta da wuyar warwarewa in a kan fiƙihu kaɗai za a tsaya. Malaman da suka ambace ta su ne kuma suka ce abin yana bin mutum da wuri da zamani: abin da ke zubar da girman alƙali ba ya zubar da na ɗan kasuwa, abin kunya a wannan gari ba shi ne abin kunya a wancan ba. An kuma ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa a zamanin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sukan ci suna tafiya. A ƙasar da firaminista ke cin sanwic a gaban kyamara, ba wanda zai ce Alhaji ya zubar da mutunci don ya ci shawarma a mol. An gama da wannan.

Sai dai ina ganin in muka tsaya nan mun amsa tambayar da ba ita ce babba ba. Me ya sa tun farko aka ƙi cin? Mun saba cewa don girman mai ci ne. Ni ina ganin rabin dalilin yana wajen mai kallo. Ka tuna yadda ake aika abinci a unguwa: a langa mai murfi, ko a kwano a rufe da faifai, wani lokaci har a ɗaure da ƙyalle. Ba don ƙuda kaɗai ba ne. Ka tuna yadda uwa ke yi wa yaro faɗa in ya fita ƙofar gida da nama a hannu: "Koma ciki ka cinye, ko ka gutsura wa ɗan'uwanka." A wurin da ba kowa ne ya karya ba, ci a gaban mutane wani irin nuni ne, kamar ƙirga kuɗi a gaban wanda ake bi bashi. Dattijon da ke ɓoye tsirensa yana kare kansa daga raini, haka ne, amma yana kare wani daga haɗiyar yawu. In kuma dole ta sa ka ci a gaban mutum, al'ada ta ba ka mafita guda: ka ce masa bismillah.

Wannan kalmar ta cancanci a zauna a kanta. Yaranmu da suka tashi a nan sukan ce ai wasan kwaikwayo ne. Baba ya ce wa baƙo "Bismillah", baƙo ya ce "Alhamdu lillahi, a ci lafiya", kowa ya san ba ci za a yi ba, to mene ne amfanin? Ɗiyar wani abokina ta ce ita wannan munafunci ne mai ladabi. Ban yarda da ita ba, ko da yake na fahimci inda ta dosa. Tayi ne na gaske, don in baƙon ya wanke hannu ya matso, ba mai hana shi, kuma duk mun taɓa ganin wanda ya matso ɗin. Abin da ya sa galibi ba a matsowa shi ne shi ma wanda aka yi wa tayin yana da nasa ladabin, yana duba yawan abincin da yawan hannuwan. Wato mutum biyu ne kowanne ke auna cikin ɗan'uwansa. Mai ci yana cewa na gan ka, kuma abin nan da ke gabana ban fi ka haƙƙi a kansa ba sai da yardarka. Mai kallo yana cewa na yafe maka. Cikin daƙiƙa uku an ƙulla wani abu an warware, sannan loma ta wuce ba tare da ta tsaya a wuya ba.

Wani masanin zamantakewa Bajamushe, Georg Simmel, ya yi ɗan rubutu a kan cin abinci a 1910. Abin da ya lura da shi mai sauƙi ne amma yana da nauyi. Tunanina zan iya gaya maka ka samu ban rasa ba, abin da na gani zan iya nuna maka, amma lomar da na haɗiye ta haramta gare ka har abada. Ba wani aiki da ya kai ci son kai. Shi ya sa, a ganinsa, kowace al'umma ta kewaye ci da dokoki: lokaci, wuri, wa zai fara, da wane hannu. Bismillah tamu ɗaya ce daga irin waɗannan, kuma ina ganin tana cikin masu kyau.

To a dandalin Trafford Centre, wanda aka gina kamar cikin wani katafaren jirgin ruwa, kujeru 1,600 ne. Wa za ka yi wa bismillah? In ka juya ka ce wa Baturen da ke teburin kusa ya zo ku ci, zai ɗauka ko kana sayar da wani abu ne ko kuma ba ka da lafiya. Kuma shi ma ga nasa tiren. A nan ne mutum zai ce shi ke nan, haƙƙin ya faɗi, tunda kowa a nan mai ci ne, babu mai kallo. Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba.

Na daɗe ina ganin wannan amsar ta isa, kuma har yanzu ina ganin tana da gaskiya a cikinta. Amma a duba dalilin da ya sa babu mai kallon. A Kano ko Zinder, in ka zauna wajen mai shinkafa da wake, akwai yaro a tsaye can gefe da roba, yana jiran ka ture kwano. Ba yabon wannan nake ba, abin kunya ne a gare mu ƙwarai, kuma duk wanda ya taɓa ci da idon almajiri a kansa ya san yadda abinci ke fita a rai. Amma dai kana ganinsa. A nan ba ka ganinsa, kuma ba don babu mayunwata a Ingila ba. Ƙungiyar Trussell, mai tafiyar da rumbunan abincin agaji, ta raba ƙunshin abinci fiye da miliyan 3 a shekarar 2023 zuwa 2024. Abin da ya faru shi ne mol ba titi ba ne, gidan wani ne. Mai shi yana da masu gadi, kuma wanda ya zo bara ko ya zo kwana a kan benci, a hankali za a raka shi ƙofa. Ashe kwanciyar hankalin da muke ci da ita saya muka yi, kuɗinta na cikin kuɗin bogar. An ɗauke mana mai kallon ne don mu ci mu ƙoshi mu koma shago. Ragowar da a gida za ta shiga cikin wani, a nan baƙar leda take shiga. Rabin fiza, soyayyen dankali da yaro ya taɓa biyu ya bari, shinkafar da aka ce yaji ya yi yawa.

Ban ce a daina zuwa ba. Akwai masu cewa haka, yawanci maza, kuma hujjarsu ita ce albarkar kwano ɗaya. Suna kawo hadisin sahabban da suka koka cewa suna ci ba sa ƙoshi, aka ce musu wataƙila a rarrabe suke ci, su haɗu su ambaci sunan Allah. Hadisin yana nan a Abu Dawud. Amma ayar Suratun Nur ma tana nan, wadda ta ɗauke laifi ga wanda ya ci a haɗe da wanda ya ci shi kaɗai. Kuma mu faɗi gaskiya, kwano ɗayan da muke kewa, su wa ke kewaye da shi? Maza a zaure suna ciyayya, kowane magidanci an fito masa da tuwon gidansa. Yara maza da nasu kwanon, mata a cikin gida, wadda ta yi girkin ita ce ta ƙarshe, wani lokaci ƙanzo ne rabonta. Mutum zai yi shekara talatin bai taɓa ganin yadda matarsa ke tauna ba. Na san gidaje a nan da teburin roba na mol ne wuri na farko da uba da uwa da 'ya'ya mata suka zauna suka ci a lokaci guda, ba wadda ke miƙewa ta ɗauko ruwa. Ga matar da ta yi aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ta dawo ta kai yara makaranta, ta yi girkin kwana shida, ranar da ba ta ɗora tukunya ba ita ce hutunta na mako. Duk wanda zai yi wa'azin kwano ɗaya, ya fara gaya mana wa zai wanke shi.

Duk da haka akwai abin da kwanon ke koyarwa wanda tire ba ya koyarwa. Yaron da ke ci da yayyensa yana koyon lissafi da hannu: ya ci gabansa, ya rage gudu in ya ga ƙaninsa na baya, kada ya kai hannu kan nama sai babba ya raba. Ba wanda ya zaunar da shi ya karanta masa, rankwashi ɗaya ko biyu ne suka koya masa. A dandalin abinci kuwa darasin farko shi ne "me kake so?" Wannan ya tafi layin kaza, waccan ta tafi layin taliyar 'yan Sin, a dawo kowa da rasit ɗinsa da lambarsa. In ƙaramar ta miƙa hannu cikin dankalin yayanta, sai ka ji ya ce, da Turanci mana, nasa ne. Kuma bisa tsarin wurin gaskiyarsa ne, shi ya zaɓa, shi aka miƙa wa. Wasu iyaye na ga suna yin wata dabara: a sayo daga shago uku ko huɗu, a ture tirorin a haɗe a tsakiya, a yage takardun, kowa ya kai hannu ko'ina. Masu wurin ba su hana ba. Abin dariya, ya ma fi araha, don in kowa zai ɗauki nasa, fam goma-goma a kan mutum shida ba wasa ba ne, kuma kada ma ka soma juya shi zuwa naira ko sefa, yanzu abincin zai gagare ka.

Yanzu in koma kan maganar cewa babu mai kallo. Akwai shi. Yana tsaye kusa da kwandon shara da tsumma da kwalbar feshi, ko yana tura keken tara tire. Sau da yawa baƙo ne kamar mu, daga Afirka ko Asiya ko Kudancin Amurka, wani lokaci har ka ji yana waya da harshen da ka sani. Awa takwas yana kallon mutane na ci. A watan azumi wataƙila yana azumi yana kwashe ragowar wasu. Mun koyi ratsa shi da ido kamar yadda muke ratsa ginshiƙi, kuma mun koya da wuri, don wurin haka yake so.

Akwai hadisi a Buhari game da hadimin da ya kawo wa mutum abinci: in ba za ka zaunar da shi ku ci tare ba, to ka ba shi loma ɗaya ko biyu, domin shi ya sha zafi da wahalar girkin. Abin lura shi ne hadimi ne, cinsa dama yana wuyan ubangidansa, amma wannan bai sauke lomar ba. Wannan ya rushe hujjar da muka fi so, wato "ai biyansa ake yi". Ana biyansa, gaskiya ne, galibi mafi ƙanƙantar albashin da doka ta yarda. Amma biyan tsakaninsa ne da kamfani. Tsakaninka da shi kuwa, mutum ne da ke tsaye kai kana zaune kana ci.

Daga nan ne maganar tire ta zo, wadda nake ganin ta fi yadda muke ɗaukarta girma. Ka gama ci, ga ƙasusuwa, ga miya ta zube, ga takardun goge hannu. Ka kwashe ko ka tashi ka bari? Na ji mutanen kirki suna cewa in kowa ya kwashe nasa, za a sallami mai aikin, don haka barin ma taimako ne. Hujja ce mai daɗi, don tana ba ka lada a kan lalaci. Amma tebur sai an goge ko ka kwashe ko ba ka kwashe ba, ƙasa sai an share, kwanduna sai an juye. Abin da kake ƙara masa ba aikin yi ba ne, ƙazanta ce. A Singafo, inda cin abinci a irin waɗannan wurare ya zama rayuwar yau da kullum, sun gaji da roƙon mutane har suka mai da shi doka a 2021: karo na farko gargaɗi a rubuce, na biyu tarar dalar Singafo 300. Ɗaya daga dalilansu shi ne masu sharar yawancinsu tsofaffi ne, kuma ba a samun matasan da za su gaje su. Mu da muke alfahari da cewa tarbiyya muka taso da ita, in sai an kai ga tara kafin mu ɗaga tire, to a sake duba tarbiyyar. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, a cikin iyali ma wa ke kwashewa? Ka lura. Alhaji ya miƙe yana sakace, samarin sun bi shi suna latsa waya, Hajiya da 'yan matan ne ke tattara kofuna. Kicin ɗin da aka ce an ba ta hutu daga gare shi ya biyo ta har mol.

Lomar hadimi kuwa, a nan da wuya ta yiwu yadda take a hadisin. Ma'aikaci ba zai karɓi abinci daga hannunka yana bakin aiki ba, wataƙila ma ka ja masa magana wajen shugabansa, kuma miƙa wa baligi ragowar dankalinka cin fuska ne. Abin da ya rage a hannunmu ƙanana ne. Ka sayi daidai cikinka. Ka ɗaure abin da ya rage ka tafi da shi, in akwai wanda ke zaune bakin tashar jirgin ƙasa, ka sayo masa sabo, kada ka ba shi wanda aka ciza. Ka dubi mai tsumman a fuska. Muna da "sannu da aiki", wadda Turanci ba shi da madadinta daidai. "Na gode" tasu sai an yi maka wani abu ake faɗinta, tamu kuwa ana faɗa wa duk wanda aka gani yana wahala, ko ba kai yake yi wa ba. Sai mutum ya nemi yadda zai faɗe ta da kalmomin da ake ji a wurin, ko da za ta fito a karkace. Wata mata 'yar Gana da ke share dandalin da muke zuwa, da aka ce mata sannu da Hausa, sai ta tsaya cak ta ce "Yawwa, sannu kadai," ashe a Nima ta tashi. Ba ta daɗe ba, don wasu sun tashi a tebur na gaba sun bar mata tire biyar.